Goyo da Alƙalami: Tafarkin Balaraba Ramat Yakubu Zuwa ga Ɗab'i da Hoton Uwa a Littattafanta Biyu

1.0 Gabatarwa

Tun daga farkon shekarun 1990 da muhawara ta kaure a shafukan jaridu game da ƙagaggun labaran da ake bugawa a Kano, abin da manazarta suka fi mayar da hankali a kai shi ne jigon soyayya da tasirin finafinan Indiya da kuma zargin gurɓata tarbiyyar 'yan mata. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa waɗannan littattafai sunan Adabin Kasuwar Kano, yana mai ganin ba za su daɗe ba, yayin da irin su Ibrahim Sheme da Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu suka tsaya a ɗaya ɓangaren. An yi ta ja-in-ja a kan abin da littattafan suka ƙunsa. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce ta yanayin da aka rubuta su a ciki. Kaso mai yawa na marubutan mata ne, da dama daga cikinsu matan aure masu goyo, kuma duk wanda ya san tsarin gidan Bahaushe ya san cewa irin wannan mace ba ta da wani lokaci da za ta kira nata tsakanin sallar asuba da kwanciyar yara.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi sawun marubuciya ɗaya, Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, daga lokacin da aka cire ta daga makaranta har zuwa fitowar littafinta na farko a 1987, sannan ta yi tarken yadda uwa ta fito a littattafanta biyu na 1990, wato Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? Za a kuma ɗan waiwayi Buchi Emecheta, wadda ta bi irin wannan tafarki da wani harshe a wata ƙasa. Hasashen maƙalar shi ne, wasu abubuwa da aka ɗauka rauni ne a zubi da tsarin waɗannan littattafai tabo ne na halin da aka rubuta su, kuma a cikin wannan hali ɗin ne marubuciyar ta samo abin da ta ƙara wa zuben Hausa. Wannan ba ya nufin za a wanke littattafan daga kowane aibi.

2.0 Uwa da Labari Kafin 1980

A adabin baka na Hausa, labari sana'ar mata ce. Kaka ko uwa ko gwaggo ita ke zaunar da yara bayan cin tuwon dare ta buɗe tatsuniya, kuma reno da ba da labari aiki ɗaya ne a hannunta, ba su taɓa cin karo da juna ba. Haka kuma a rubutun ajami akwai Nana Asma'u (1793-1864), matar Waziri Giɗaɗo, wadda ta haifi 'ya'ya ta kuma yi wallafa da Fulatanci da Larabci da Hausa. To amma ita ta tashi a gidan da karatu shi ne sana'a, kuma waƙoƙinta da hannu ake kwafarsu, jajis suna yaɗa su ta hanyar 'Yan Taru. Ba ta bukaci mai injin ɗab'i ko kuɗin takarda ba.

Da boko ya zo sai labari ya sauya hannu. Littattafai biyar da suka fito daga yunƙurin Rupert East na 1933, wato Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi, duk maza ne suka rubuta su, kuma ba abin mamaki ba ne idan aka dubi waɗanda suka shiga makarantar boko a wancan zamani. Uwa ta fito a cikinsu, musamman a Shaihu Umar inda mahaifiyar tauraron ta bar gida tana neman ɗanta, ta faɗa cikin bauta, ta ƙetare sahara, ta rasu jim kaɗan bayan ta gan shi. Hoto ne mai taɓa zuciya, sai dai hoton uwa ne kamar yadda ɗa yake hango ta daga nesa: mai sadaukarwa, marar ƙorafi, wadda ba a ji ta tana lissafin abin da za a ci gobe.

Kamfanin Gaskiya ya kafu a 1945, hukumar NORLA ta zo ta wuce a shekarun 1950, aka kafa NNPC a 1966, amma sai a 1980 aka buga ƙagaggen labari na farko da mace ta rubuta da Hausa, wato So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, wanda ya fito ta hanyar gasar da NNPC ta shirya. Kusan rabin ƙarni ke nan. Abin lura a nan shi ne ƙofar da ta shiga ta cikinta. Gasa ƙofa ce da ake buɗewa sau ɗaya a rufe, kuma wadda ba ta dace da lokacin buɗewar ba sai ta jira wata shekara da ba a san ranarta ba.

3.0 Daga Ajin Ɗinki Zuwa Maɗaba'a

An haifi Balaraba Ramat Yakubu a Kano a 1959. Ƙanwa ce ga Janar Murtala Ramat Muhammed, shugaban ƙasar da aka kashe ranar 13 ga Fabrairu, 1976. Mai jin wannan nasaba zai zaci hanya a share take gare ta, alhali kuwa tarihinta ya nuna akasin haka. An cire ta daga makarantar firamare aka aurar da ita tana da kimanin shekara 13 ga mutumin da ya girme ta nesa ba kusa ba, auren kuma bai yi ƙarko ba. Kamar yadda ta sha bayyanawa a hirarrakin da aka yi da ita, bayan ta dawo gida ta nemi izinin shiga ajin koyon ɗinki da saƙa, a can kuwa ana koyar da karatu da rubutu na yaƙi da jahilci, kuma mahaifiyarta ce ta san sirrin ta rufa mata. Ta kuma bayyana cewa yankewar karatun nan shi ne dalilin da ya sa take rubutu da Hausa ba da Ingilishi ba.

Wannan batu na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa, domin masu nazarin harsunan Nijeriya sukan ɗauki zaɓin harshe a matsayin aƙida, kamar yadda Ngugi wa Thiong'o ya koma rubutu da harshen Gikuyu da gangan. A wurin Balaraba ba zaɓi aka yi ba. Abin da ya tauye ta shi ne ya ajiye ta a cikin Hausa, kuma Hausar ce ta haɗa ta da dubban mata masu irin tarihinta, waɗanda karatunsu bai wuce na firamare ko na ajin manya ba. Zaynab Alkali, wadda The Stillborn nata ya fito a 1984 daga kamfanin Longman, ta samu shiga manhajar jami'o'i tun da wuri, amma ba ta shiga ɗakunan da littattafan Balaraba suka shiga ba.

Lokacin da Budurwar Zuciya ya fito a 1987, marubuciyar tana da kimanin shekara 28, ta riga ta zama uwa, ta kuma ɗanɗani aure da rabuwa. Shekarar kanta tana da muhimmanci. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya yaye ɗimbin matasa masu iya karanta boko, Jihar Kano ta kafa hukumar ilimin manya a 1980, don haka masu karatu sun samu. Amma a daidai lokacin ne tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka taƙaita ga littattafan makaranta da suke da tabbacin sayarwa. Ga masu karatu, ga masu son rubutu, babu mai bugawa. Abin da ya rage shi ne marubuci ya zama shi ne kamfanin kansa, kamar yadda Talatu Wada Ahmed ta yi da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980.

Ya kamata a fayyace abin da wannan yake nufi a aikace, domin a nan ne nauyin yake. Marubuciya takan rubuta labarinta da biro a littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Daga nan sai a kai wa mai buga tafireta, a biya shi. Sai a nemi maɗaba'a a yi ciniki a kan takarda da bango da yawan kwafi, a biya kafin a taɓa inji. In littafi ya fito sai a kai wa 'yan kasuwa masu sayar da littattafai, waɗanda galibi ba sa biya sai sun sayar, wani lokaci ma sai an yi ta sintiri. Kowane mataki a cikin waɗannan yana bukatar kuɗi da fita waje da mu'amala da maza waɗanda ba muharramai ba. Namiji marubuci yakan hau kekensa ko babur ya gama zagayen a yini guda. Mace mai aure sai ta nemi izini, ta nemi wanda za ta bar wa yara, ko ta wakilta ƙane ko ɗa. Binciken da Polly Hill da Enid Schildkrout suka yi a ƙasar Hausa ya nuna yadda matan kulle suke gudanar da sana'o'insu ta hannun yara masu talla da aike. Ke nan yaro a gidan Bahaushe yana cinye lokacin uwa, kuma shi ne ƙafarta zuwa kasuwa. Sana'ar littafi ta shigo ta tarar da wannan tsari, ta zauna a kansa kamar yadda sana'ar ƙuli-ƙuli da ɗinkin hula suka zauna.

A cikin wannan yanayi ne ƙungiyar Raina Kama ta yi amfani. Balaraba tana cikin jigoginta tare da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yangurasa, kuma ita ce macen da ta yi fice a cikinsu. Littattafan 'yan ƙungiyar sukan ɗauki jerin sunayen littattafan sauran 'yan'uwa, kowa yana yi wa kowa talla. Abin da kamfani yake yi wa marubuci a wasu ƙasashe, shi ƙungiya ta yi ƙoƙarin yi a Kano, ban da abu ɗaya: edita.

3.1 Tabon da Tafarkin Ya Bari

Rashin edita a bayyane yake tun daga bangon littafi. Kalmar da aka rubuta kuykuyo a sunan littafin 1990 ita ce aka rubuta kwikwiyo a sunan fim ɗin da Abdulkareem Muhammad ya shirya daga littafin a 1998. A cikin littattafan wannan zamani gaba ɗaya ana cin karo da haɗe kalmomin da ya kamata a raba, da sakin ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ saboda injin ba shi da su, da rubuta Kananci yadda ake furta shi. Matarka sun yi ta nuna wannan, kuma suna da gaskiya. Sai dai ƙa'idojin da aka tsayar a tarurruka irin na Bamako a 1966 da Yamai a 1980 a jami'o'i da kwalejoji suka zauna. Ba a kai su ajin ɗinki ba. Tuhumar wadda aka cire daga firamare da saɓa ƙa'idar da ba a koya mata ba, tuhuma ce da ya kamata ta fara biyawa ta kan masana harshe kafin ta isa gare ta.

Haka nan rarraba labari zuwa littafi na ɗaya da na biyu, wani lokaci har na uku da na huɗu, wanda ya zama al'adar marubutan Kano. An fassara shi da son kuɗi. Gaskiyar ita ce kuɗin na ɗaya ne yake buga na biyu, kuma ƙaramin littafi shi ne wanda mace za ta iya saye da ragowar kuɗin cefane ko ta karɓa haya. Wannan ya shafi zubin labarin kansa: dole kowane kashi ya ƙare a inda zai ja mai karatu, dole fitattun al'amura su zo a gajerun fage masu cin gashin kansu. Irin wannan zubi ya dace da wadda take rubutu a tsakanin ayyuka, ya kuma dace da wadda take karatu a tsakanin ayyuka, ta ajiye littafi ta duba tukunya ta dawo ba ta ɓata ba. Ba za a iya tabbatar da cewa wane shafi an rubuta shi ne bayan yara sun yi barci ba, kuma maƙalar nan ba ta yi wannan iƙirari. Abin da za a iya cewa shi ne marubuciya da mai karatu suna rayuwa a cikin lokaci iri ɗaya, gutsure-gutsure, kuma littafin ya ɗauki siffarsa.

4.0 Rabi: Uwa Mai Lissafi

Alhaki Kuykuyo Ne labarin Rabi ne, matar Alhaji Abdu, ɗan kasuwa, wadda ta haifa masa 'ya'ya tara. Mijin yana da hali amma yana ƙuntata wa gidansa, abin da yake bayarwa na cefane ba ya kaiwa ko'ina. Ya auro Delu, tsohuwar karuwa, rikici ya tashi tsakanin matan biyu, ya saki Rabi ya kore ta tare da 'ya'yanta. Rabi ta kama sana'ar sayar da abinci ta riƙe yaran. 'Yarta Saudatu ta auri wani attajiri, Alhaji Abubakar. A ɗaya gefen kuma gobara ta cinye dukiyar Alhaji Abdu a kasuwa, Delu ta juya masa baya, daga ƙarshe dangi suka taru suka matsa wa Rabi ta koma gidansa ba da son ranta ba.

Duk da an jefa littafin a kwandon littattafan soyayya, soyayyar Saudatu reshe ce a cikinsa. Gangar jikin labarin lissafi ne: nawa aka bayar, baki nawa za su ci, wa zai biya kuɗin makaranta, me za a yi in yaro ya kwanta ciwo. Wannan shi ne sabon abin da marubuciyar ta shigo da shi. Kafin ita zuben Hausa ya san fada da fagen yaƙi da dajin aljannu, a littattafan gasar 1982 irin su Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa ya san duniyar 'yan fasa-ƙwauri da 'yan ta'adda. Bai san madafa ba. Balaraba ta ɗauki kuɗin cefane ta mayar da shi abin da labari zai iya tsayawa a kansa, ta nuna cewa zaluncin da ya fi yawa a gidajen aure ba ya bukatar duka ko zagi, ya isa a ajiye wa mace abin da ba zai isa ba a fice. Mahaifiyar Shaihu Umar ta ƙetare sahara sau ɗaya. Rabi kullum gari ya waye sai ta ƙetare tata tsakanin karin kumallo da tuwon dare, kuma marubuciyar ta ga cewa wannan ma tafiya ce da ta isa a ba da labarinta.

Ta fuskar salo, ƙarfin littafin yana bakin mata. Habaici da gugar zana da baƙar magana tsakanin kishiyoyi, da yadda 'yan'uwa mata suke taruwa su yanke shawara, da yadda ake yi wa namiji magana a gabansa da yadda ake yi a bayansa, duk an kawo su da kunnen wadda ta zauna a tsakar gida. Masu nazarin walwalar harshe da suke neman Hausar mata ta birnin Kano a ƙarshen ƙarni na 20 za su samu abin da ba su samu a littattafan da editoci suka goge ba. A nan rashin edita ya yi rana.

Raunin littafin yana wurare biyu. Na farko, sakayyar da ta faɗa wa Alhaji Abdu ta zo a jere kuma da gaggawa, kamar marubuciyar tana sauri ta cika alkawarin da sunan littafin ya ɗauka. Karin maganar da aka yi wa littafi suna da ita takan zama tarko: da zarar an ce alhaki yana bin mai shi, mai karatu ya san ƙarshe, abin da ya rage kawai ta wace hanya. Na biyu, kuma wannan ya fi nauyi, mafitar gidan Rabi ta dogara ƙwarai a kan auren Saudatu da mai kuɗi. Littafin da ya buɗe da nuna haɗarin dogaro da aljihun namiji ya koma ya rataya rabin farin cikinsa a aljihun wani namijin. Ana iya cewa haka rayuwa take, amma marubuciyar ba ta sa wa wannan aure irin idon tuhumar da ta sa wa na Rabi ba.

Komawar Rabi kuwa, wadda wasu masu karatu suka ɗauka sarewa ce, ita ce wurin da littafin ya fi gaskiya. Ba a nuna ta a matsayin sulhu mai daɗi ba. An nuna mace da ta ciyar da 'ya'ya tara da guminta, amma ranar yanke hukunci a kan rayuwarta maza ne suka zauna, har da surukinta. Hujjar da ake ɗaure irin wannan mace da ita a al'ada ita ce 'ya'ya: a koma don albarkacin yara, kada a ce uban wane yana yawo a titi. Wato abin da ya ba ta ƙarfin tsayawa da ƙafarta shi ne igiyar da aka jawo ta da ita. Marubucin da bai san wannan igiya a jikinsa ba da wuya ya rufe labarin haka. Zai fi masa sauƙi ya bar Rabi ta yi nasara ko ta yafe da murmushi.

5.0 Abu: 'Yar da Aka Cire Daga Aji

Wa Zai Auri Jahila? ya fi kusa da tarihin marubuciyar. Zainab, wadda ake kira Abu, yarinya ce 'yar ƙauye da mahaifinta ya cire daga makaranta. Ɗan'uwanta Ahmadu, wanda aka yi niyyar haɗa su, ya ƙi ta saboda a ganinsa jahila ce. Aka aurar da ita ga Sarkin Noma, dattijo da ya haura shekara hamsin. Ta gudu zuwa Kano wurin 'yar'uwar iyayenta, Hajiya Kumatu, ta koma karatu har ta zama ma'aikaciyar jinya.

Novian Whitsitt ya nazarci wannan littafi ta fuskar yadda marubuciyar take kafa hujja da Musulunci a kan auren dole da hana mata ilimi, kuma wannan karatu ne mai tushe. Abin da za a ƙara a nan shi ne matsayin Kumatu. Ita ce uwar da ta buɗe ƙofa, kwatankwacin rawar da mahaifiyar marubuciyar ta taka a zancen ajin ɗinki. A littattafan biyu, duk inda mace ta tsira, wata mace babba ce ta tsaya mata, da kuɗinta ko da ɗakinta ko da rufin asirinta. Sai dai kashin farko na labarin, na ƙauye da auren dole, ya fi na biyu rai nesa. Da Abu ta kama hanyar karatu sai al'amura suka riƙa faɗa mata daidai, labarin ya koma biyan bukatar zuciya. Ana jin marubuciyar tana ba Abu abin da ita aka hana ta, kuma tausayin da ya sa ta yi haka ya rage wa alƙalaminta kaifi.

6.0 Waiwaye ga Buchi Emecheta

An haifi Buchi Emecheta a Legas a 1944, ta yi aure tana da shekara 16, ta bi mijinta London a 1962, ta haifi 'ya'ya biyar a cikin 'yan shekaru. Mijin ya ƙone rubutun littafinta na farko. Ta rabu da shi tana da shekara 22, ta riƙe yaran ita kaɗai, tana aiki a ɗakin karatu, tana karatun digiri, tana rubutu da sassafe kafin su tashi. In the Ditch ya fito a 1972 bayan an fara buga sassansa a mujallar New Statesman, Second-Class Citizen ya biyo baya a 1974, The Joys of Motherhood a 1979. Ta rasu a 2017.

Kamannin a fili suke, har Nnu Ego ta The Joys of Motherhood da Rabi za su gane juna in sun haɗu a kasuwa. Bambancin ya fi koyarwa. Emecheta, duk da talauci da wariyar da ta sha, ta faɗo cikin garin da yake da mujallu masu biyan marubuci da kamfanoni masu editoci da ɗakunan karatu a kowace unguwa. Wahalarta ita ce ta samu a karɓe ta. Balaraba ba ta da wanda zai karɓa ko ya ƙi, sai ta gina hanyar da kanta. Saboda haka auna littattafan biyu da ma'auni ɗaya ta fuskar gogewar zubi, ba tare da ambaton wannan ba, rashin adalci ne. Ko a kudancin Nijeriya sai da Flora Nwapa, wadda Heinemann ya buga wa Efuru a 1966, ta kafa kamfaninta na Tana a shekarun 1970 don ta riƙe ragamar littattafanta.

Akwai kuma bambanci na biyu. Emecheta ta sa marubuciya a cikin labarinta: Adah ta Second-Class Citizen tana rubutu, tana ɗaukar rubutun tamkar ɗa, mijinta Francis ya ƙone shi, kuma wannan ne ya kashe auren. A littattafan Balaraba biyu da aka duba babu mace mai rubutu. Rabi abinci take sayarwa, Abu jinya ta koya. Marubuciyar ta ba taurarinta sana'o'in da al'umma ta riga ta amince wa mace, ta ɓoye tata. Mai yiwuwa wannan yana da nasaba da kunya irin ta Bahaushiya, wadda ba ta faɗin sunan ɗanta na fari balle ta yabe shi a bainar jama'a. Mai yiwuwa kuma kariya ce, domin a lokacin ana yi wa mata marubuta kallon masu tona asirin gida, kuma ita kanta ta sha suka, musamman bayan fitowar Wane Kare Ne Ba Bare Ba? a 1995. Ƙyamar ba ta tsaya a baki ba: a 2007 hukumar A Daidaita Sahu ta Jihar Kano ta jagoranci ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a. Abin da miji ɗaya ya yi wa Emecheta a ɗaki, hukuma ce ta yi wa marubutan Kano a fili.

Alhaki Kuykuyo Ne ya samu edita daga ƙarshe, amma a wani harshe. Aliyu Kamal ya fassara shi zuwa Ingilishi, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga shi a 2012, shekara 22 bayan fitowarsa. Ta wannan fassara ce akasarin masu nazari a wajen ƙasar Hausa, har da na kudancin Nijeriya, suka san Rabi, kuma a cikinta habaicin tsakar gida da Kanancin da aka yi magana a kansu a sama sun zama Ingilishi mai santsi. Mai son ya ji yadda Rabi da Delu suka yi wa juna magana sai ya nemo bugun Hausa, da kurakuransa na tafireta da ƙananan shafukansa.